Hannu Kafin Alƙalami: Wasa Mai Jigo a Rabin Aji

Laccar da aka gabatar ga malaman rabin aji da iyayen yara na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

 

  

Zan fara da abin da idona ya gani a wata makaranta. Na shiga rabin aji da hantsi, na tarar da wata yarinya da ba ta kai shekara huɗu ba ta dunƙule fensir a tafin hannu kamar mai riƙe da muciya. An ce ta cika shafi guda da harafin A. Malama ta kama hannunta tana ja, ita kuma tana hawaye, takardar har ta huje. Da aka fita tara, sai na hango yarinyar nan a gindin dogon yaro, ta tsuguna tana tsintar 'ya'yansa da yatsu biyu. Ɗanyu kore ta jera su layi ɗaya, nunannu ruwan ɗorawa layi ɗaya. Babu wanda ya sa ta. Ta fi minti ashirin ba ta ɗaga kai ba, har aka kaɗa ƙararrawa, aka kwashe ta aka mayar wa harafin A.

A gindin iccen nan tana rarrabe launi, tana jeri, tana shirin ƙidaya, tana horar da yatsun da za su riƙe alƙalami gobe, tana kuma koyon tattara hankali wuri guda. Darasi biyar ke nan. Mu kuwa mun kira shi wasa, mun kira hawayen cikin aji karatu. Maganata ta yau a kan yadda za mu shigo da gindin iccen nan cikin aji ce, mu tsara shi, mu ba shi jigo.

Yadda hannu yake nuna

Kowace uwa a nan ta san yaro sai ya tsayar da wuya kafin ya zauna, sai ya zauna kafin rarrafe, sai ya yi rarrafe kafin tafiya. Ba a taɓa jin uwar da ta doki jariri don bai yi gudu ba. Hannu ma haka yake. Ƙarfi yana farawa daga kafaɗa, ya gangaro gwiwar hannu, ya zo wuyan hannu, daga ƙarshe ya iso yatsu. Ƙasusuwan wuyan hannun ɗan shekara uku ma yawancinsu guringuntsi ne, ba su gama ƙwari ba. Shi ya sa galibin yara sai wajen shekara uku suke iya kwaikwayon da'ira, wajen huɗu su gicciya layi biyu, wajen biyar su zana mai kusurwa uku. To ku dubi harafin A da kyau. Layi biyu ne a karkace da guda a gicciye, ɗan'uwan mai kusurwa uku. Mun ɗora wa 'yar shekara uku kayan 'yar shekara biyar, muna mamakin kukanta.

Motsin yaro kashi biyu ne. Akwai na manyan gaɓoɓi: gudu, tsalle, hawa, jifa, cafewa, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Akwai na yatsu: tsinta, murzawa, yagawa, zura zare, ɓalle maɓalli. Na farkon shi ne harsashin na biyu, domin yaron da bayansa da kafaɗarsa ba su yi ƙarfi ba ba zai iya zama ya sarrafa fensir ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Kowane malami ya auna ajinsa da wannan mudu.

Wasa ba baƙonmu ba ne

Na san akwai mai cewa a ransa, wannan ai tsarin Turawa ne. Gaskiya ne wani Bajamushe, Firedirik Furobel, shi ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara a 1840, ya ba su 'yan katakai da ƙwallaye su yi gini. Gaskiya ne kuma likitar nan ta Italiya, Mariya Montesori, ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, inda yara suke zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, suna ɓalle maɓalli, suna shafa haruffa masu kaushi da yatsa kafin a ba su abin rubutu. Amma ku duba abin da kakanninmu suka bar mana. Langa horon ƙafa ɗaya ce da daidaita jiki. 'Yar gala-gala tsalle ce da bin ƙa'ida da jiran layi. Carafke haɗa ido da hannu ce da ƙidaya. Tuwon ƙasa awo ne da murza yatsu. Yaron da ya fere ɓawon kara ya soka a totuwa ya haɗa mota, ya yi aikin injiniya. Gaɗa tafi ce da kari da haddar kalmomi. Tatsuniya kuwa ita ke koya wa yaro cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Abin da su Furobel da Montesori suka fi mu da shi guda ne: sun rubuta nasu, sun tsara shi, sun ba shi lokaci a jadawali.

Ta fuskar addini ma babu abin jin nauyi. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada domin jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Ya tabbata Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta. Ko a makarantar allo, kolo yakan daɗe yana biyawa da baki, malam ne ke rubuta masa, yana wanke allo yana kallon yadda ake fiƙe alƙalami, kafin a sakar masa hannu.

Dokar ƙasa ma tana tare da mu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta saka kula da ƙananan yara da iliminsu cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa kuwa a bugunta na 1977 ta ce a koyar da 'yan wannan mataki da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, kuma ta hanyar wasa.

Me ya sa sai da jigo?

Idan yau an yi tsalle, gobe an yi waƙa, jibi an yi zane, kowane yana zaman kansa, yaro zai ji daɗi amma abin zai zube kamar tsakiya babu zare. Jigo shi ne zaren. Malama ta zaɓi abu guda da yaro ya sani, ta rataya masa komai na mako ɗaya ko biyu: kalmomi, ƙidaya, aikin yatsu, motsa jiki, labari, tarbiyya. Kalmar da yaro ya ji ranar Litinin, ya taɓa ta da hannu ranar Talata, ya taka ta da ƙafa ranar Laraba, ba ta fita kansa.

Sharaɗin shi ne jigon ya fito daga garin yaro. Na ga littafin rabin aji da ke koyar da ƙanƙara mai saukowa kamar auduga da tuffa da beyar, a garin da yaro yake kwana yana tashi da jaki da raƙumi da magarya. Bari in kawo jigo uku daga ƙasarmu, in tsaya sosai a kan na farko.

Jigon kasuwa

Duk ɗan wannan yanki ya san Alhamis ta Shinkafi ce. Yaro ya ga an ɗaure kaya, ya ga an kora dabbobi, ya ci tsarabar kasuwa. Ga yadda mako zai tafi.

Litinin ranar baki ce. A zauna a da'ira bisa tabarma, malama ta zo da kwando a rufe da zane. Kowane yaro ya zura hannu ba tare da ya gani ba, ya lalubo abu, ya faɗi sunansa: albasa, goriba, ludayi, soso, gammo. Mai santsi ne ko mai kaushi? Mai nauyi ne ko sakayau? Ta haka yatsu suke koyon gani, baki kuma yana samun kalmomi.

Talata ranar yumɓu ce. A kwaɓa, kowa ya samu curi. A mulmula tumatir, a murza rogo dogo, a fyaɗa waina, a lotsa tsakiya da babban yatsa a yi 'yar tukunya. Kada malama ta gyara wa kowa nasa. Tukunyar da ta karkace ta yaro ta fi masa amfani a kan kyakkyawar da malama ta yi masa. A shanya su a rana.

Laraba ranar awo ce. A kawo yashi mai tsabta, da gwangwanin madara, da kwano, da ludayi. Gwangwani nawa ke cika kwano? Yaro ya zuba, ya ƙirga, ya zubar, ya sake. A gauraya ƙwallon dabino da tsakuwa da marafan kwalba a faifai, a ce su ware kowane da jinsinsa. Wanda ya ƙware a ba shi tsinke biyu na kara ya ɗauka da su. Yatsu ukun da ke wannan aiki su ne dai masu riƙe alƙalami.

Alhamis kasuwa ta ci. A ja layi a ƙasa, wannan ita ce hanyar kasuwa. Kowa ya ɗora gammo da faifai ya bi layin ba tare da kaya sun faɗi ba. A tsallake gulbi, wato zane da aka shimfiɗa. A sunkuya a wuce ta ƙarƙashin benci. Sannan a baje kayan yumɓun Talata, marafan kwalba su zama kuɗi. Sallama, gaisuwa, tayi, albarka, ƙidayar canji, godiya. Kada wani ya ce talla muke koya musu. Yarinyar da ta sami daɗin makaranta irin wannan ita ce za ta yi kuka ranar da aka ce ta fasa zuwa ta ɗauki faranti.

Juma'a ranar labari ce. Kowa ya faɗi abin da ya saya da abin da ya sayar. A fita waje, a zana kayan kasuwa da yatsa a kan rairayi, manya-manya, da dukan hannu tun daga kafaɗa. A nan ne malama za ta zana harafi guda, K ta kasuwa, ta kwando, ta kuɗi, su bi shi da yatsa, su jera tsakuwa a kansa, su taka shi da ƙafa. Harafi ɗaya a mako, amma ya zauna daram.

Ku lissafa abin da aka kashe. Ko sisi.

Jigon jirgin ƙasa da jigon kaka

Ƙaura tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Nan ne dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya ƙare, tun 1929, kuma ta nan gyaɗa da audugar wannan ƙasa suka riƙa fita. A kira wani dattijo da ya ga zamanin ya ba yara labari. Su kama kafaɗun juna su zama taragu, a tafi a hankali, a ƙara sauri, a tsaya cak idan an busa usur. Tsayawa idan an ce tsaya babban darasi ne, shi ne tushen kame kai. A jera kara biyu a ƙasa su zama dogo, a gicciya ƙanana a kai. A huda kwalayen ashana a zura zare a haɗa jirgi, a ƙirga taragu. A sa tasha huɗu a kusurwoyin fili, su haddace wadda ke bin wata. Yaron da ya san Funtuwa tana gaban Zariya, Gusau tana gaban Funtuwa, ya kama ma'anar jeri, kuma da jeri ake karatu da lissafi.

Da kaka kuwa, jigo yana ƙofar aji. Ɓarar gyaɗa ta fi duk wani abin wasan kanti ƙarfafa yatsu. A ware gero da dawa da wake. A gina ɗan rumbu da laka, a yi masa jinka da ciyawa. A shuka wake a gwangwani, kowa ya riƙa ba nasa ruwa, cikin 'yan kwanaki ya ga tsiro, ya auna tsawonsa da tsinke. A kwaikwayi daka da sheƙa da tankaɗe cikin kari ɗaya. Sai dai malama ta yi hattara: a ajinta akwai yaran da iyayensu suka bar gona ba don sun so ba. Idan yaro ya yi shiru, kada a matsa masa.

Halin da muke ciki

Wannan ya kawo ni ga tambayar da na san tana cin wasunku. Wani zai ce, malam, muna fama da yunwa da rashin tsaro, kai kana maganar wasa? Tambayar tana kan hanya. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Wasa ba ya maye gurbin abinci, kuma yaron da ya rame asibiti za a fara kai shi.

Amma ku ji abin da ya faru a Jamaika. A 1986 da 1987 masu bincike ƙarƙashin Sali Girantam-Magirego suka ɗauki yara 129 a unguwannin talakawa na birnin Kinston, waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinta ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta yabe shi, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran nan. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ashe yaron da yunwa ta taɓa ya fi kowa bukatar a yi wasa da shi. Haka ma wanda ya ji ƙarar bindiga ya kwana a daji. Bakinsa ba zai iya faɗin abin da ya gani ba, amma in ya samu yumɓu da abokai da babban da ba ya yi masa tsawa, sannu a hankali zuciyarsa takan kwanta.

Ku lura, a Jamaika uwa aka koya wa. Mu ma muna da wannan gado. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauyuka su karantar da mata a inda suke, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Idan makaranta ta rufe saboda tsaro, ko iyali sun yi hijira, tsakar gida ba ta rufewa. Kowace malama a nan za ta iya tara iyaye mata biyar ta nuna musu jigon mako.

Gargaɗi da amsar ƙorafi

Abu uku nake roƙo a kiyaye. Na ɗaya, ɗan ƙasa da shekara uku ba a ba shi ƙananan abubuwa, domin baki da hanci da kunne yake kai su, manyan ma sai da ido a kansu. Na biyu, kada 'ya'yan bini-da-zugu ko zurma ko idon zakara su shigo aji, kyansu na ido ne, guba ne. Na uku, a san inda aka ɗebo ƙasa. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ƙasar da ta kusanci wurin niƙan ma'adini ba ta wasa ba ce. Bayan kowane aiki kuma a wanke hannu da sabulu.

Malamar da ajinta ya cika ya batse, raba su gida huɗu: 'yan yumɓu, 'yan awo, 'yan zane, 'yan fili. Bayan ɗan lokaci a yi musanya. Satin farko za a sha hayaniya, na biyu su da kansu za su san inda za su.

Iyaye maza kuma, ku ne kuke zuwa kuna cewa an biya kuɗi ba a ga rubutu a littafi ba, kuma tsoronku ne ke sa malama ta kama hannun yaro tana ja. Ku sauya abin dubawa. Yana iya ɓalle maɓallin rigarsa? Yana tsayawa da ƙafa ɗaya? Zai zuba ruwa a kofi bai zubar ba? Zai ƙirga tsakuwa biyar yana taɓa kowace, ba haddar baki kawai ba? Zai ba ka labari ka gane kansa da gindinsa? In ya iya waɗannan, rubutu zai zo masa da sauƙi idan lokacinsa ya yi.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Maginiya ta san in tukunya ta bushe zane ba ya hawa, ta kuma san in laka ta cika ruwa zanen ba ya zama, sai ta jira ta yi daidai. Mu mun riƙe rabin farko na wannan hikima, mun yar da na biyu.

Ba na roƙon a jira kwangila ko kayan waje. Ranar Litinin mai zuwa, kowace malama ta zo da kwando guda, da zanen rufe shi, da abu biyar daga madafarta. Idan kuma aka fita tara kuka hango wata yarinya a gindin icce tana jera 'ya'yansa, kada ku yi saurin tashinta. Ku tsuguna kusa da ita ku tambaye ta kore nawa ne.

  Allah ya raya mana zuriya, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.